Yariman da Bai Koma Gida Ba

Duk mai bibiyar littattafan da matasanmu ke tura wa juna ta WhatsApp, ko mai sauraren masu karanta su a YouTube, ya san labarin gidan sarauta ya samu kasuwa. Ga yarima miskili wanda magana ke yi wa wuya, ga gimbiya mai izza, ga Fulani uwargidan sarki tana ƙulle-ƙulle da jakadiyarta, sannan ga wata 'yar talakawa da za ta zo ta sauke wa yariman girman kai. Ɗaya daga cikin irin waɗannan na karanta kwanan nan, rubutun wata matashiya, kuma ya riƙe ni har ƙarshe. Yarinyar ta iya zance. Ta san inda za ta yanke babi ta bar mutum da ƙishirwa, ta kuma san yadda ake faɗuwa a yi gaisuwa a fada, abin da takwarorinta da yawa ke kwaɓawa.

Zubin labarin sananne ne. Sarki ya rasu, ƙaninsa ya haye gado da ƙarfin tsiya, yarima ya sulale cikin dare ya nufi wata ƙasa mai nisa a gabas. Can ya ɓoye asalinsa ya shiga ƙwadago a gonar wani attajiri, ya haɗu da yarinyar da ke kawo wa ma'aikata abinci. Ba ta san ko shi wane ne ba ta so shi. Daga ƙarshe asiri ya tonu, masu zaɓen sarki suka aiko, ya koma gida aka buga tambari, aka haɗa naɗi da ɗaurin aure rana guda.

Inda raina ya tsaya shi ne babi ukun da ta ware wa zaman gudun hijirar. Ta wuce su da sauri kamar mai tsallake kwata, domin ita da mai karatunta duk sun san zaman na ɗan lokaci ne. Kantar da ta fito a tafin hannun yarima ado ce kawai, alkyabba na can tana jiransa. Da na yi wa 'yar ƙanwata da ta turo mini littafin wannan ƙorafi, sai ta ce, "To Kawu, ai in bai koma ba labarin bai ƙare ba." Ta fuskar ƙagaggen labari tana da gaskiya, kuma abin ya girmi marubutan intanet. Gandoki na Malam Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, shi ma gabas ya nufa bayan Turawa sun ci ƙasa, ya faɗa duniyar aljanu ya yi ta yaƙe-yaƙensa, amma ƙarshenta gida ya dawo ya zauna yana ba yara labari. Haka muka saba: jarumi ya fita, jarumi ya dawo.

Sai dai a tarihinmu akwai yarima na haƙiƙa da ya yi wannan tafiya ta gabas, jama'arsa suka yi ƙwadago a gonakin wasu, kuma bai koma ba, jikokinsa ma ba su koma ba. Sunansa Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ana yi masa laƙabi da Mai Wurno. Garin da ya kafa na nan har gobe a bakin Shuɗin Nilu, kudu da birnin Sannar a ƙasar Sudan, kuma laƙabin nasa garin ke amsawa.

Mahaifinsa bai daɗe a kan gado ba. A watan Oktoba na 1902 aka naɗa Attahiru ɗan Ahmadu bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abdurrahman, lokacin Turawa sun riga sun gama da Bida da Kwantagora da Yola da Bauci. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kano ta faɗi. Ranar 15 ga Maris aka yi karon Giginya a bayan ganuwar Sakkwato, wanda bai ɗauki wani dogon lokaci ba, domin doki da mashi ba su da ta cewa a gaban bindiga mai ruwa. Daga wannan rana manyan daula suka rabu biyu, kuma wannan rabuwa ita ce ainihin labarin. Waziri Buhari ya tara malamai suka yi shawara, suka ga idan kowa ya tafi, talakawan da ba su da halin tafiya za su zama garken da ba makiyayi, saboda haka ya dawo ya yi sulhu da Gwamna Lugga, ya kuma rubuta risala yana bayyana hujjojinsa. Cikin mako guda Turawa suka naɗa wani Attahirun, ɗan Aliyu Babba. Shi kuwa Attahiru na ɗaya ya tsaya a kan cewa ƙasar da ta koma hannun Nasara ba wurin zaman Musulmi ba ce, abin da ya rage shi ne hijira.

Ba na cikin masu zagin ɗayan ɓangarorin nan. Wanda ya zauna ya haɗiye abin da ya fi maɗaci ɗaci don jama'a, wanda ya tafi ya bar kaburburan iyayensa. A littafin matashiyar nan, wanda ya zauna a fada mugu ne tsantsa, har dariyar mugunta yake yi shi kaɗai a ɗaki. A 1903 kuwa mutanen kirki ne a kowane gefe, 'yan gida ɗaya, kowa da ayarsa da hadisinsa.

Maganar tafiya gabas kuma ba a ranar aka ƙirƙiro ta ba. Tun zamanin Shehu Usmanu akwai zancen da ke yawo cewa wata rana jama'arsa za ta tashi ta nufi Kogin Nilu, ta haɗu da Mahadi a can ko a ƙasar Hijaz. Zancen ya yi ƙarfi har mutane suka riƙa tashi tun lokacin bai yi ba, abin da ya sa Maryamu 'yar Shehu ta rubuta wa Sarkin Kano wasiƙa tana cewa a tsayar da masu gaggawa. Saboda haka da aka ji Sarkin Musulmi da kansa ya kama hanya, talakawa ba su ɗauke shi a matsayin wanda aka kora ba, cewa suka yi alkawari ne ya cika. Ya bi ta Gusau, ya ratsa tsakanin ƙasar Kano da ta Zazzau, mutane suna barin gonaki a bakin damina suna bin sa, da tsofaffi da masu goyo da jakuna. Rahotannin Turawan kansu sun nuna yadda abin ya firgita su, ganin ƙauyuka na zama kufai a bayansa. Cikin tawagar akwai Etsu Nupe Abubakar, da Sarkin Misau Ahmadu, da Magajin Keffi Ɗan Yamusa wanda Turawa ke nema ruwa a jallo saboda kisan Kyaftin Moloney, da Alfa Hashim na dangin Alhaji Umaru Futi, wanda su tun daga ƙasar Mali ta yau suke gudun Faransa.

A Burmi tafiyar ta tsaya, wani gari mai ganuwa kusa da Dutsen Bima, a yankin Bajoga na Jihar Gombe ta yanzu. Mutanen garin 'yan Mahadiyya ne, almajiran Malam Jibrilla Gaini, kuma a watan Mayu sun riga sun kori wata rundunar Turawa da ta taɓa su. Ranar 27 ga Yuli 1903 aka dawo musu da shiri. Aka wuni ana yi. Manjo Marsh da ya jagoranci harin ya mutu a wurin, sama da mutum 600 na cikin gari suka kwanta dama, cikinsu har da Sarkin Musulmi Attahiru, an same shi a tsakiyar gawarwakin waɗanda suka kewaye shi. Turawa suka ɗauke tutar da ke tare da shi suka tafi da ita Ingila. Sai a 1960 aka maido ta Sakkwato hannun Sarkin Musulmi Abubakar na uku. Tuta dai ta koma gida.

Ruwayar da zuriyar masu hijirar ke bayarwa ita ce Attahiru, da ya ga abin da ke tafe, ya umarci ɗansa Muhammadu Bello ya ja ragowar jama'a ya ci gaba. Wannan shi ne wurin da marubuciyarmu za ta ce "bayan wata uku" ta buɗe sabon babi. Shi Mai Wurno shekara kusan uku ya yi a hanya. Ka duba taswira ka ga abin da ke tsakanin Gombe da Sannar: ƙasashen kudancin Tafkin Chadi da yaƙe-yaƙen Rabe suka bari a ragargaje, Wadai wadda Faransa ba ta ci ba sai 1909, Darfur ta Sarki Ali Dinar wanda ba ya wasa da baƙon da ya zo da jama'a a bayansa, sannan rairayin Kurdufan. Ba a yin irin wannan tafiya a miƙe. Sai an tsaya an yi noma damina guda an samu guzuri, a binne waɗanda suka mutu, a raɗa wa waɗanda aka haifa suna, a sake ɗaura kaya. Wajen 1906 suka iso Shaihu Talha, wani gari a gabashin Shuɗin Nilu wanda wani malami Bafillace ya kafa tun ƙarni na 19. Daga baya Mai Wurno ya haye yammacin kogin ya sari nasa garin.

To ga inda tarihi ya fi kowane marubuci iya ƙulla zance. Mutanen da suka bar Sakkwato don kada su zauna ƙarƙashin Ingilishi, da suka iso Nilu sai suka tarar da Ingilishi na jiransu. Daular Mahadin da suke jin labari ta riga ta rushe tun yaƙin Karari na 2 ga Satumba 1898, an kashe Halifa Abdullahi a 1899, Sudan ta koma ƙarƙashin mulkin haɗin gwiwar Ingila da Masar, wanda a aikace Ingila ce ke riƙe da linzami. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Su ma Turawan Khartum ba su saki jiki da baƙin ba. A 1906 aka yi tawayen Satiru kusa da Sakkwato, a 1908 kuma Abdulƙadir Wad Habuba ya yi nasa a tsakiyar Jazira da sunan Mahadiyya har aka rataye shi. Ɗan Sarkin Musulmin da aka kashe a garin 'yan Mahadiyya, ga dubban mabiya, dole a sa masa ido.

Abin da ya daidaita tsakaninsu ba wani abu ba ne illa ƙwadago. Yaƙe-yaƙe da yunwar zamanin Mahadiyya sun rage jama'ar Sudan ƙwarai, gwamnati na da ƙasa da ruwa amma ba ta da hannaye. Tana son auduga mai dogon zare don masaƙun Lankasha. Aka fara gina madatsar ruwa ta Sannar, yaƙin duniya na farko ya tsayar da aikin, aka koma aka gama a 1925. Daga nan aka buɗe shirin noman rani na Jazira, wato filin da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, da kadada irin tasu da suke kira faddan 300,000, ƙarƙashin kamfanin Sudan Plantations Syndicate. Aka yanka ƙasar gona-gona, kowace ana ce mata hawasha, manomin da aka ba shi yana da kashi 40 cikin ɗari na kuɗin audugar, sauran na gwamnati da kamfani. Amma mai hawasha shi da iyalinsa ba za su iya cire audugar nan su kaɗai ba, da yawansu ma suna ganin aikin ya yi musu ƙasƙanci. Wa zai yi haƙar magudanan ruwa, wa zai yi noma da cira? Mutanen yamma: Hausawa, Fulani, Barebari, da mutanen Wadai da Darfur.

Nan darajar Mai Wurno ta fito a idon hukuma. Mutum ne da in ya yi kira za a amsa, garinsa kuma ya zama zangon duk wani mai niyyar hajji da ya fito daga ƙasar Hausa da ƙafa. Turawa suka amince da shi a matsayin Sultan, suka bar shi ya riƙa tura mabiyansa suna kafa ƙauyuka a gaɓar Shuɗin Nilu da rafukan da ke gabas da shi. Haka sarautar ta rayu, kuma ina ganin duk mai son rubuta labarin yarima a baƙuwar ƙasa ya kamata ya tsaya a nan ya daɗe. Mutumin da aka kashe ubansa da harsashin Ingilishi ya wayi gari rawaninsa na hannun Ingilishi, abin da yake biya da shi kuwa guminsa ne da na talakawan da suka biyo shi don tsira da addini. Bai zama maci amana ba, domin da bai yi hakan ba da jama'ar nan ba su samu inda za su sa haƙarƙarinsu ba. Sai dai ka tuna abin da aka zargi Waziri Buhari da shi. Shekara ashirin da tafiyar dubban kilomita ba su hana ɗan Attahiru zuwa ga irin shawarar da Wazirin ya yanke a mako guda ba. Da zan samu marubucin da zai shiga zuciyar wannan mutum a daren da ya fahimci haka, da na yafe masa duk wata gimbiya.

Ya rasu a 1944 a can, ɗansa Muhammadu Tahir ya gaje shi, kuma gidan na riƙe da sarautar garin har yanzu.

Masu son soyayya za su ce to ina macen take? Akwai auren gidan sarauta a wannan tarihi na masu kallon gabas, sai dai ba irin mai ƙarewa da buɗar kai ba ne. Kafin Mai Wurno, wani jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello mai suna Hayatu ɗan Sa'idu ya bar Sakkwato ya zauna a Balda ta ƙasar Adamawa, ya yi mubaya'a ga Mahadin Sudan ta hanyar wasiƙa, Mahadi ya naɗa shi wakilinsa a yamma. Hayatu yana da asali da ilimi amma ba shi da bindigogi, Rabe yana da bindigogi amma ba shi da asalin da mutanen yamma za su girmama. Suka haɗa kai, Rabe ya aura masa 'yarsa Hauwa, suka ci Barno a 1893. Da buƙata ta biya, sai Hayatu ya ga zamansa a Dikwa ya zama na ɗaurin talala. Wajen 1898 ya yi yunƙurin ficewa lokacin da Rabe ba ya gari, Fadlallah ɗan Rabe ya bi shi, aka yi karo aka kashe Hayatu. Wato wanda ya kashe mijin Hauwa ɗan'uwanta ne. Ka ajiye wannan kusa da makircin Fulani da jakadiya na barbaɗa magani a cikin fura, ka ga wanne ya fi nauyi.

Sauran matan kuwa, takardun Turawa jimla suka yi musu: "mata da yara". An lissafa sarakuna da dawakai da bindigogi, amma waɗanda suka yi daka a kowane zango daga Burmi zuwa Nilu, suka haihu a gindin bishiya, ba a rubuta sunansu ba. Wannan giɓi aikin mai ƙagaggen labari ne, shi ne yake da izinin da masanin tarihi ba shi da shi. In kuma ana son jaruma mai suna, ga A'isha Musa Ahmad, wadda Sudan kaf ta sani da A'isha al-Fallatiya. 'Yar malami ce Bahaushen asali, ta taso tana waƙa a gidajen biki mahaifinta na hanawa, aka yi mata aure don ta bari, auren ya mutu waƙar ba ta mutu ba. A farkon shekarun 1940 ta zama mace ta farko da aka ji muryarta tana waƙa a gidan rediyon Umdurman, a lokacin da maza mawaƙa ke ganin zama da mace a ɗakin ɗaukar murya abin kunya ne. Ta yi waƙa da Larabcin Sudan, ta yi da Hausa, ta rasu a 1974. Ƙasar da ke yi wa danginta kallon baƙi da muryarta take tunƙaho.

Ya kamata a faɗi wani abu don kada a cakuɗa. Shi garin Mai Wurno, Fulatanci ya fi ƙarfi a cikinsa, ga Hausa ga Larabci. Yawancin Hausawan da suka cika ƙauyukan Jazira da Shuɗin Nilu da Gadarif da Kasala ba tare da Attahiru suka fito ba, daga baya suka riƙa zuwa, ayari bayan ayari, talakawa masu niyyar Makka. Da jirgin ƙasa ya kai El Obeid wajen 1912 hanyar ta ƙara sauƙi: mutum ya taka daga Kano ko Katsina ko Damagaram ta Fort Lamy da Abeche da El Fasher, ya yi aikin auduga shekara biyu ko uku ya tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda. Wasu sun haye sun dawo sun zauna. Wasu kuɗin bai taɓa cika ba, yau ciwo, gobe aure, jibi bashin mai hawasha. Larabawan Sudan suka haɗa su duka suka kira su Fallata ko Takari, sunan da sau da yawa da raini ake furta shi.

Masani C. Bawa Yamba, wanda ya zauna da mutanen waɗannan ƙauyuka ya fitar da littafinsa Permanent Pilgrims a 1995, ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunnen waɗanda suka fara zuwa har lokacin suna kiran kansu matafiya a kan hanyar hajji, alhali a Sudan aka haife su, aka haifi iyayensu. Wasu ba sa son gina gida mai ƙarko, kada ya zama alamar an fasa niyya. Wannan ya taɓa ni fiye da duk hawayen da ke cikin littafin matashiyar nan. Yariman littafi yana ƙwadago yana jiran komawa baya, su kuwa waɗannan suna ƙwadago suna jiran wucewa gaba, har tsara huɗu. Mark Duffield ya rubuta nasa littafin a kan garin Mai Wurno a 1981, inda ya bi yadda kasuwa da motocin haya da noman zamani suka raba jama'ar garin zuwa masu shi da marasa shi. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum kuma ya nazarci yadda Hausar can ke shan Larabci tana canza kama. Duk da haka in ka shiga kasuwa a Wad Madani ka ji ƙamshin nama a kan wuta, sunansa agashe, kuma Basudane bai san shi da wani suna ba.

Saura maganar da ta fi zafi, wadda ita ce ta sa ba na iya karanta kalmar "sarauta" a littafin soyayya in wuce ta kamar kayan ado. Dokar 1948 da ta fayyace wane ne ɗan Sudan, da dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 bayan samun 'yanci, sun kafa sharaɗin cewa sai wanda shi ko kakanninsa na wajen uba ke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Mai Wurno ya iso a 1906. Ka ga ke nan da shi da duk wanda ya biyo bayansa sun makara da shekara tara ko fiye. An sassauta wannan sharaɗi daga baya, aka matso da shekarar gaba, amma tabon ya zauna: wanda aka haifa a Sannar sai a ce ya kawo shaidar kakan kakansa. A shekarun 1930, da farashin auduga ya faɗi masu hawasha suka riƙa gudu, mutanen yamma ne suka karɓi gonakin suka riƙe shirin. Da kasuwa ta gyaru, aka ce hawasha ta 'yan ƙasa ce. Da yawa suka koma zaman kambo, wato 'yan unguwannin leburori da ke rakuɓe a gefen magudanan ruwa, ba takardar fili, makaranta da asibiti sai an je garin masu gona.

Tsarin mulkin gargajiya da Turawa suka shimfiɗa a Sudan ya ɗaure sarauta da ƙasa: kowace ƙabila da darta, wato yankin da ake cewa nata ne tun kaka da kakanni, kuma mai dar shi ke da nazir ko mak, shi ke raba gona, shi ke yanke hukunci. Kudancin Shuɗin Nilu na gadon daular Funj ne, wadda ta yi mulki daga Sannar tun 1504 har 1821. Shugaba Numairi ya rushe wannan tsari a farkon shekarun 1970, gwamnatin Umar al-Bashir ta farfaɗo da shi tana raba muƙamai ga wanda take so. A irin wannan tsari, jama'ar da ba ta da rawani ba ta da bakin magana a kan gonar da take nomawa shekara ɗari.

Shi ya sa Hausawan Jihar Shuɗin Nilu suka nemi a ba su masarautarsu a cikin tsarin, su kuma shugabannin Funj da Hamaj da Berta suka ce ba a naɗa sarki a ƙasar wani. 'Yan siyasa suka sa hannu, kowa da ɓangaren da yake zugawa. A watan Yuli na 2022 faɗa ya ɓarke a yankin Gaisan da Rusairis da kewayen Damazin, aka kashe sama da mutum 100 cikin 'yan kwanaki, aka ƙone shaguna da gidaje. Hausawa suka fito zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Port Sudan da Khartum. A watan Oktoba abin ya sake tashi a Wad al-Mahi, inda aka rasa kimanin mutum 200 a kwana biyu, kuma kowane ɓangare ya binne nasa. Dubun-dubatar mutane suka bar gidajensu, da yawa suka nufi arewa zuwa Jihar Sannar da Farin Nilu, aka zuba su a makarantu.

Ba su gama farfaɗowa ba yaƙin sojoji da dakarun RSF ya tashi ranar 15 ga Afrilu 2023. Wad Madani ta faɗi a Disambar wannan shekara, Sinja ta bi a tsakiyar 2024, wutar ta iso har ƙofar Sannar da garuruwan da ke kudu da ita. Da sojoji suka karɓe Wad Madani a Janairun 2025, mazauna kambo aka fara bi da zargin sun taimaki abokan gaba, aka kashe wasu aka ƙone matsugunansu. Cikin waɗanda suka ɗaura kaya a wannan karo akwai jikokin mutanen da suka taka daga ƙasar Hausa da ƙafa, wasu sun yi Gadarif da Kasala, wasu sun yi Port Sudan, bakin Bahar Maliya, inda jiragen Jidda ke tashi.